Azarar Ɗakin Inna

Ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko, damina ta rushe gidajen gangaren unguwarmu a Gure. Mai unguwa ya yi shela kowa ya kai gudummawarsa ƙofar masallaci bayan la'asar, hatsi ko tufa ko kayan gini.

A tsakar gidanmu akwai azarar goruba da Baba ya yi shekara uku yana tarawa daga kwari, don ya sake wa Inna rufin ɗakinta mai yoyo. Kullum sai ta share ƙarƙashinsu saboda gara.

Ranar Baba ya auno gero ya ƙulle a buhu zai fita. Inna na tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Malam, gero ba ya rufe ɗaki. Ka kai musu azarar."

Baba ya tsaya. "Ke fa? Ga hadari can yana haɗuwa."

"Nawa ɗakin yoyo yake yi. Su Ya Falmata da 'ya'yanta a ajin lakwal suke kwana."

Ta kakkaɓe hannu, ta kama bakin azara ɗaya, Baba ya kama ɗayan. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen iccen nan idan na tuna. Da suka gama lodi a amalanken jaki, ta bi Baba har zaure ta ce, "Kada ka ce daga wurina ne."

Yanzu na girme ta a shekarun da take da su ranar, amma ban taɓa ba da abin da nake so haka ba.