Hantar da ta Huce

To, tunda ka ce bana kulle gida za ka yi ka tafi wani gari ka huta da Sallah, gyara zama in ba ka misali. Ba hana ka zan yi ba, ai ƙafarka ce.

An yi wani dillalin hatsi a ƙasar Zamfara, shi ne babba a gidansu, shi ya gaji zauren mahaifinsu. Tun tsohon yana raye, duk Babbar Sallah ƙannensa nan suke jawo ragunansu a yanka a tsakar gidan. Al'adarsu kuwa, ba mai sa komai a baki sai an gasa hantar farko an kawo wa babba, ya yi bisimilla ya ɗanɗana, sannan ya yayyanka ya bi yara da ita. To, mutumin nan sai ya gaji. Kuma a faɗi gaskiya akwai abin gajiya: hayaƙin babbaka, ƙudaje, jikoki na tsalle a kan tabarmarsa, wannan ya fasa randa, wancan ya ɓatar da wuƙa. Ga shi mai ɗakinsa da ke ɗauke masa rabin hayaniyar Allah ya yi mata rasuwa. Sai ya ce shi kam bana kowa ya yi ta kansa. Ƙaninsa mai bi masa ya ce, "Haba Yaya, a ina za mu yanka?" Ya ce, "Ƙasar Allah da faɗi take." Ya datse ƙofa da kwaɗo, ya hau mota sai Katsina.

Kwanakin farko kam ya ji daɗi, ba ƙarya. Ɗaki mai sanyi, gado mai laushi, ba mai buga masa ƙofa. Da safe ya je ya tsaya gindin hasumiyar Gobarau yana ɗaga kai har hularsa na neman faɗuwa, da yamma ya bi ragowar ganuwa yana duba tsofaffin ƙofofin gari, yana cewa a ransa ashe haka duniya take da shiru. Ranar Sallah ya saka sabuwar shadda ya bi jama'a Idi. Ana sallamewa kowa ya juya ya rungumi nasa, shi kuwa ya miƙa hannu dama da hagu, aka gaisa da shi gaisuwar da ake wa wanda ba a sani ba, aka watse. Ya koma masauki, mai dafa abinci ma ya tafi gidansu. Bai karya ba, don bakinsa ya saba jiran hanta. Sai ya fita ya zauna a kan wani dakali cikin tsohon gari, ƙamshin gashi na fitowa daga kowane zaure, ba ko ɗaya da ya san sunan mai shi. Kaɗaici ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka kai matarsa makwancinta. Ya kira ƙanin nan a waya, ya jiyo ihun yara da kukan rago a bayansa. "Yaya, ana hutawa? Bari mu gama fiɗa zan kira ka." Har rana ta faɗi bai kira ba. Can wani magidanci da ya daɗe yana lura da shi ya fito da tsoka biyu a leda, ya ce, "Bawan Allah, ga rabon baƙo." Mutumin da shekara da shekaru shi ke raba wa mabuƙata kaso, yau ga shi ya sa hannu biyu yana karɓa. Ya yi godiya, amma naman nan ko taɓa shi bai yi ba.

Ya dawo gida da nadama fal cikinsa, sai dai girman kai ya hana shi faɗa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ai ya huta sosai. A ransa kuwa ya ƙudura baɗi zai gyara. Da shekara ta zagayo ya sa aka share tsakar gida tas, ya kafa turaku, ya sayo itace da sababbin tabarmi, har randar da aka fasa ya maye gurbinta. Bai aika wa kowa ba, yo wa ake gayyata gidan ubansa? Aka sauko Idi ya buɗe zaure ya zauna. Shiru. Ashe bara da suka rasa wuri gidan ƙanin suka koma, suka tarar akwai famfo, akwai fili, ba mai tsawa in yaro ya taka tabarma. Can suka sake taruwa, can aka gasa hantar farko, ƙanin ne ya ɗanɗana ya bi yara da ita. Ba su yi don mugunta ba, wallahi, su a ganinsu sauƙi suka yi masa. Sai bayan la'asar ƙanin ya shigo da ɗan kwano a rufe, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ga taka. Mun ce kada mu dame ka, tunda hutu kake so." Ya buɗe kwanon ya ga hanta ta huce, kitse ya daskare a kanta. Ya duba tsakar gida, ragonsa ne kaɗai a turke cikin turaku bakwai, ko yaron da zai ba guntu babu.

To ka ji. Motar Katsina kullum tana tasha, in ka ga dama gobe ma ka hau. Amma ka tuna Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.