Sandar da ke ƙarƙashin selo

Su biyu suka rage a gidansu da ke garin Morioka, direban bas da 'yarsa mai shekara tara. Uwar ta rasu bara, ta bar selo, babban gogen da ake tokarewa a ƙasa da sandar ƙarfe. Wannan selon ne uban yake kawowa wurina ina koya masa, don ya samu kujerar matarsa a ƙungiyar makaɗan unguwa.

Dogo ne, sandar kuwa gajera, kullum a duƙe yake kiɗa.

Ranar gwajin shiga ƙungiyar na ce, "Ka ƙara wa sandar nan tsawo. A haka ba za su ɗauke ka ba."

"Bar ta haka, Malam."

Da ya fita wanke hannu, yarinyar ta kwance noti, ta jawo sandar.

"Baba, na gyara maka! Ka daina lanƙwashewa kamar jatan lande."

Ya durƙusa yana shafa ƙarfen, yana neman inda aka ɗaure shi a da. Babu alama.

A hankali ya ce, "Mamanki ce ta ɗaure shi."

Yarinyar ta gane cewa tsayin uwarta ne ta kwance, kuma babu wanda zai iya mayar da shi.