Tashar Kara da Ƙaro

Har yau ƙanshin jiƙaƙƙen ƙaro yakan mayar da ni wata la'asar a ɗakinmu na Kuje. Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai sake tsallake bakin ƙofa ba. Ranar ya ce zai gina tashar da ya yi aiki a cikinta, 'yar ƙarama daidai faɗin faifai.

Na kawo masa kwalin sabulu, ya ture shi da hannunsa mai lafiya.

"Kwali ba ya jure damina, Uwata. Ɗauko karan dawar nan."

Ya sa na jiƙa ƙaron da yake haɗa tawada da shi. Ni ce hannunsa na hagu: shi ya shafa, ni na riƙe bango biyu har su kama. A waje ƙawayena suna ta kirana.

"Baba, ya bushe?"

"Da saura. Kika saki, ya rushe."

Yatsuna suka sage. Na ji kamar ni aka manne da ɗakin, na fara hawaye. Bai lallashe ni ba, shi ma ƙofar yake kallo.

Da bangon ya tsaya, na ɗauko guntun karan da zai zama ƙyaure, zan shafa masa ƙaro. Ya riƙe wuyan hannuna.

"A'a, wannan kada ki manna. Ita tasha ai fita ake yi daga cikinta. Je ki, Allah ya yi miki albarka."

Na fita da gudu, ban ko waiga ba. Allah ya jiƙan Baba, shi ya zauna.