Ranar da Tumakin Burulkan Suka Sauya Garke

Da hantsi Ulukbek ya leƙa garke, bai tarar da ko tunkiya ɗaya ba. Can gangare ya hango kakarsa Burulkan, sanda a hannu, tana kora su zuwa gidan tsoho Toktosun. A ƙauyukan yankinsu na Narin, dabbobi ba sa tashi daga gidan saurayi su nufi gidan da ke da budurwa sai in sadaki ne. Toktosun kuwa yana da jika, Aizirek, wadda ta isa aure.

Ulukbek shi kaɗai ne ɗan da autan Burulkan ya haifa kafin ya rasu. Doka kuwa kowa ya san ta: auta ke zama a gidan gado, ya riƙe tsofaffi har ya binne su, in babu shi nauyin ya hau kan ɗansa. Yaron bai taɓa musu da wannan ba, sai da wata jami'a ta ƙasar waje ta ɗauke shi digiri na biyu kyauta, da ci da sha da kujerar jirgi, a gurbin da aka ware wa 'ya'yan makiyayan duwatsu, irin waɗanda ba a cika gani a ajin ba. Karatun na ƙididdigar lafiya ne: wa cuta ke kamawa, wa take ƙyalewa, wane magani ne na gaske. In bai isa can kafin ƙanƙara ta fara sauka ba, wani za a ba gurbin.

Ranar da ya gaya wa kakar tasa, tana tatsar goɗiya. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wato ka gama karatun farko, yanzu sai ka ƙetare teku ka je ƙirga masu tari."

"Kaka, ba haka ba ne..."

"Kakanka da tari ya tafi, babu wanda ya ƙirga shi. Riƙe min dukushin nan kar uwar ta harbe ni." Sai da bokiti ya cika ta ƙara da cewa, "A gidan nan ba a taɓa barin tsohuwa ita kaɗai da murhu ba. Ba kuma a kaina za a fara ba."

Bayan tumakin sai aike ya biyo baya. Ta tura shi gidan Toktosun ya liƙe rufi, don ita ba ta son yoyo. Ta tura shi ya share bututun murhu. Ta tura shi ya tara makamashin hunturu har ya kai tsayin katanga. Ulukbek ya gane sarai: ana nuna wa surukai ƙarfin damtsensa ne. Toktosun, wanda ya rage gemu ya fito da sabuwar hula, yana zaune yana kallonsa yana murmushi.

"Yi da kyau, ɗana. Mun kusa zama gida ɗaya."

Ya tare Aizirek a bakin rafi.

"Ke kin yarda da wannan abin?"

"Ni? Ai na fi kowa murna. Na gaji da dafa wa tsoho shayi yana cewa bai yi ba." Ta dubi fuskarsa, ta fashe da dariya har ruwan bokitinta ya zube.

Ya juya maganar ta kowane gefe, yadda aka koya masa a makaranta. In ya sulale ya tafi, ya bar tsohuwa ita kaɗai, kuma ƙauyen zai tofa wa sunan ubansa yawu. In ya zauna aka ɗaura masa aure, shi da karatu har abada. Yaran yanzu ke nan, kai cike da lissafi, ido kuwa kamar an rufe da tsumma. Daga ƙarshe ya yanke: gurbin ya tafi, zai riƙe kakarsa, amma babu mai rataya masa mata.

Ranar taron aka yanka rago, aka zuba soyayyen ƙullu a kan shimfiɗa, aka zagaya da nonon goɗiya. Dangin Toktosun suka cika ɗakin Burulkan, har da liman. Ita tana zaune a sama, baya a miƙe, cikin rigar da Ulukbek bai taɓa gani ba. Liman ya gyara murya ke nan yaron ya miƙe.

"Kaka, ku gafarce ni, dattawa. Zan zauna. Karatun na haƙura da shi. Amma aure kam ba zan yi ba."

Aizirek ta cusa bakin ɗankwalinta a baki.

"Wa ya tambaye ka?" in ji Burulkan. "Wace mai hankali ce za ta auri wanda har yau bai iya ɗaure sirdi ba? Matsa, ka tare min haske. Jibi motar birnin Bishkek za ta tashi da kai. Ka je ka ƙirga masu tarin nan, kuma ka ƙirga da kyau, kar ka kunyata ni."

"To ke fa? Wa zai zauna da ke?"

Burulkan ba ta ko dube shi ba. Ta ture ɗankwalinta baya, ta juya kunne wajen ƙanwar Toktosun, wadda tuni ta zaro 'yan kunnen baiko daga aljihu, ta ce, "Ki sa a hankali, ƙanwar miji. Rabon kunnen nan da kayan amarya tun kafin a haifi uban wannan sakaran."