Allon da Ya Gyara Rubutun Hansatu

Shekara uku ke nan da aka hana fensir a firamare. Kowane yaro a allon lantarki yake rubutu, allon kuma yana gyara masa Turancinsa nan take.

Ran Talata Malama Tabawa, mai koyar da Turanci a aji huɗu, ta faɗa ofishin hedimasta ko sallama babu, ta dangwarar da allo a kan tebur.

"Malam Sha'aibu, karanta. Darasin da na tsara shi ne kowa ya rubuta jimla biyar a kan mahaifinsa. Hansatu ta rubuta cewa babanta ya rasu da damina. Dubi yadda allon ya mayar da shi."

Ya karanta. An rubuta cewa babanta yana zuwa ofis kullum da safe.

"Ai Turancin ya fita, Malama. Duk ajin sun ci."

"Sun ci me? Yara arba'in, duk uba ɗaya allon ya rubuta musu! Yarinyar nan tambayata ta yi wai ko kuskure ne ta ce ya rasu."

"Tsarin mako mai zuwa ya riga ya sauko daga sama. In kika kauce, a bakin aikinki."

Ta fita tana huci, ta roƙi gawayi wurin mai ƙosan bakin makaranta. A aji ta sa aka kife alluna, ta kai Hansatu jikin bango, ta miƙa mata gawayin.

"Rubuta yadda kika rubuta da farko."

Yarinyar ta rubuta a karkace, da kuskure biyu. Ta ja da baya tana jiran bangon ya goge rubutun kamar yadda allon yake yi. Bai goge ba, sai ta fashe da kuka.