Jar Tutar Tasalla

Ku mutanen gari, kun kawar da kai ranar da injinan gajimare suka fara zuba dusar ƙanƙara a Dutsen Gwauro, don masu hali su zo wasan sulu a kanta. Tasalla tela ba ta da damar kawar da nata, domin makarantar 'yarta Ladidi tana gindin dutsen.

Doka ta ce kullum a ɗaga tuta: koriya in ƙanƙara ta kama, ja in tana shirin zubowa. Tasalla ke ɗinka wa kamfanin da ke da injinan tutocin, amma ba a taɓa kawo mata jan yadi ba.

Yau da hantsi tsaga ta keta ƙanƙarar gangaren dutsen kamar ɗinki ya warware. Ta yage jan zanenta, ta nufi sandar tuta.

"Ke Tasalla, so kike na rasa aikina?" in ji Baba Tanko mai gadi. "Baƙi sun riga sun hau."

"Baba, jikanka ajinsu ɗaya da Ladidi. Kama min igiya, ko ka matsa."

Tsoho ya dubi dutse, ya dubi makaranta, ya kama igiya, jar tuta ta hau sama.

Ga motar kamfani can tafe, za a sauke tutar. Ku fito ku tare gindin sandar nan.