Finishin Toci na Kawu

Kawuna tela ne a kasuwar Makarfi. Daga yaƙin Bama ya dawo da ɗingishi da 'yan kalmomin Turanci. Wadda ta zauna mini ita ce "finishin toci".

Wata ranar kasuwa da la'asar, ya gama ɗinka rigar angoncin wani manomi daga Dandamisa. Mutumin yana tsaye yana duban rana, abokan tafiyarsa sun riga sun ɗaure wa jakuna kaya. Ni ina zaune a gindin keke.

"Malam, ai ta yi. Miƙo, kada su tafi su bar ni."

"Saura finishin toci," in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, mene ne shi?"

"Ɗan gyaran ƙarshe ne, bayan kowa ya ce aiki ya ƙare."

Ya juya rigar ciki waje, ya bi bakin zare yana datsewa da almakashi. Ya guntsi ruwa ya fesa, ya ɗora dutsen guga. Har yau ina jin ƙamshin gawayi da sabon yadi.

Manomin ya ce, "Wa zai leƙa cikin riga?"

"Kai da za ka sa ta."

Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya manta da saurin da yake yi.

Ranar da Kawu ya rasu, ni na ɗinka likkafaninsa. Ana ta cewa in yi sauri. Sai da na juya shi na datse zaren.